Alamomin Melanoma a Sassan Jiki: Wa Ke Ɗauke da Su, Me Kuma Suke Nufi?



 

Batun yau shi ne melanoma, ciwon dajin da ke tasowa daga tantanin da ke ba fata launi, da alamomin da ake gane shi da su a ɗakin gwaji. Tambayar da za a bi diddigi ita ce: ƙwayoyin gadon da ke samar da waɗannan alamomi, a wane sashe na jiki suke aiki, a wane sashe suke a rufe, kuma me ke biyo baya idan likita ko mai bincike ya yi sakaci da sanin hakan? Za a ɗauki maganar gaɓa-gaɓa, guda shida.

Na ɗaya: ƙwayoyin gado iri ɗaya ne ko'ina, aikinsu ne ya bambanta

Kusan kowane tantani a jikin mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kimanin 20,000 daga cikinsu masu bayar da umarnin haɗa furotin. Tantanin hanta yana da ƙwayar gadon da ke yin launin fata. To me ya hana hanta yin aikin fata? Kowane tantani wasu kawai yake kunnawa, ya bar sauran a rufe. Idan ya kunna ɗaya, sai ya kwafi saƙonta zuwa wani sinadari mai suna RNA, daga nan a haɗa furotin. Saboda haka mai bincike yana da hanya biyu. Ko dai ya nemi saƙon RNA da gwajin PCR, wanda annobar korona ta sa kowa ya ji sunansa, ko kuma ya nemi furotin ɗin kansa ta hanyar rina siririn yankin tsoka da sinadarin garkuwa da aka haɗa don ya manne masa. A riƙe wannan da kyau, domin hanyoyin biyu ba kullum suke bayar da amsa ɗaya ba.

Tantanin launi, wanda likitoci ke kira melanosait, sana'arsa haɗa melanin. Baƙar fata da farar fata kusan adadi ɗaya suke da shi. Yawan melanin da irinsa ne suka bambanta. Don ya yi wannan sana'a yana kunna wasu ƙwayoyin gado na musamman: TYR mai samar da sinadarin tairosines, PMEL mai samar da furotin gp100, da MLANA mai samar da Melan-A. A samansu akwai MITF da SOX10, waɗanda su ne ke bayar da izinin kunna sauran. Idan wannan tantani ya rikiɗe ya zama daji, yawanci yana ci gaba da kunna su, kuma su ne ake kira alamomin melanoma.

Abin kamar tsagar gado ne a fuska. Tsaga tana faɗar gidan da mutum ya fito, amma ba ta faɗar ko mutumin kirki ne ko ɓarawo. Lafiyayyen tantanin launi, da tawadar Allah da mutum ya girma da ita, da melanoma mai kisa, duk tsagarsu ɗaya.

Na biyu: tantanin launi ba a fata kaɗai yake ba

A makonnin farko na ciki, lokacin da lakar tayi ke haɗuwa, wasu tantani suna ɓallewa daga gefenta su yi ƙaura zuwa sassan jiki. Daga cikinsu ake samun tantanin launi, daga cikinsu kuma ake samun tantanin Schwann da ke naɗe jijiyoyin saƙo. 'Yan uwan juna ne na jini, shi ya sa suke tarayya a wasu alamomi. Tantanin launin kuma ba duka ne ke sauka a fata da tushen gashi ba. Wasu suna zama a cikin ido, wasu a can cikin kunne inda suke taimaka wa ji, wasu a mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Akwai hujja a kan haka da ake gani da ido. A 1951 wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana wata lalura ta gado: yaro ya zo da farin gashi a goshi, ido mai launin shuɗi, ga kuma kurumta. Daga baya aka gano cewa tangarɗa a MITF ko SOX10 na cikin abubuwan da ke jawo wasu nau'o'inta. Gashi, ido da kunne, me ya haɗa su? Tantani ɗaya ne ya kasa isa inda aka aike shi. Za a koma kan wannan a gaɓa ta biyar, domin an yi maganin daji da ya bi wannan sawu ƙafa da ƙafa.

Na uku: tsofaffin alamomi da masu tarayya a cikinsu

S100 ita ce ta fi daɗewa. Blake Moore ne ya ware ta a 1965, kuma ba daga fata ba, daga ƙwaƙwalwar saniya. Kusan kowace melanoma tana nuna ta, shi ya sa ake ƙaunarta: da wuya ta bar mai laifi ya tsere. Matsalarta ita ce tana kama marasa laifi da yawa. Tana cikin tantanin Schwann, da na ƙwaƙwalwa, da guringuntsi, da kitse, da wasu tantanin garkuwa da ke zaune a fata da cikin kaluluwa. A wasu ƙasashen Turai ana auna wani nau'inta, S100B, a jini don bibiyar masu melanoma. Wannan gwaji ɗaya kuma ana yin sa ga wanda ya bugu a kai, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana zubo shi cikin jini. Wanda ya faɗo daga babur jiya, idan aka ga S100B ɗinsa ya hau, shin daji ne ya dawo?

HMB-45 sinadarin garkuwa ne da Allen Gown da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1986, yana manne wa gp100. Ya fi S100 tantancewa nesa ba kusa ba, har aka yi zaton an samu alamar melanoma tsantsa. Sai aka tarar yana rina wani ƙari na ƙoda mai suna anjiyomayolifoma, wanda galibi ba mugu ba ne, yana kuma rina wata lalurar huhu da ta fi kama mata. Waɗannan tantani ba na launi ba ne, amma sun kunna wani ɓangare na tsarin launi.

Melan-A kuwa, ƙungiyoyi biyu ne suka gano ta a shekara ɗaya, 1994: ta Thierry Boon a Beljiyam da ta Steven Rosenberg a Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka, wadda ta raɗa mata suna MART-1. A nan ne maganar hanya biyu ta gaɓar farko ke fitowa fili. Sinadarin garkuwa da aka fi amfani da shi wajen neman Melan-A, mai lamba A103, yana rina ɓawon halittar adirenal da ke zaune a saman ƙoda, da tantanin da ke haɗa sinadaran jinsi a maraina da ƙwan mace. Da aka nemi saƙon RNA na MLANA a can, ba a same shi ba. Sinadarin ne ke manne wa wani abu daban mai kama da ita. Abin da ya ƙara wa tarkon haɗari shi ne adirenal na cikin wuraren da melanoma ke yawan yaɗuwa zuwa. Mutum ya taɓa yin melanoma, an ga ƙari a saman ƙodarsa, an tsakuro an rina da A103, ya kama. Dajin ne ya yaɗu, ko ƙarin adirenal ne na kansa? Wannan rini shi kaɗai ba zai raba gardama ba, sai an haɗa da SOX10 ko S100, waɗanda ɓawon adirenal ba ya nunawa.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma. Akwai nau'in melanoma mai tauri kamar tabo, desmofilastik, wanda galibi ba ya nuna HMB-45 ko Melan-A sam, sai S100 da SOX10. Akwai kuma wani dajin jijiyar gaɓa da Franz Enzinger ya bayyana a 1965, wanda ya fi fitowa a ƙafar matasa, yana nuna dukkan alamomin melanoma, alhali tushensa haɗewar ƙwayoyin gado biyu ne, EWSR1 da ATF1, abin da ba a samu a melanomar fata. Ita kanta SOX10, wadda ake ji da ita yanzu, tana fitowa a wasu nau'o'in dajin nono da na halittun yawu.

Na huɗu: lokacin da gwaji ya yi kaifi fiye da kima

A 1991 masu bincike a birnin Leeds na Ingila suka kawo wata dabara mai jan hankali. Jini ba ya haɗa melanin, don haka bai kamata a samu saƙon tairosines a cikinsa ba. Idan PCR ya same shi, ke nan tantanin melanoma na yawo a jinin. Ɗakunan bincike da dama suka rungumi dabarar, sai sakamako ya riƙa saɓawa: wannan ɗaki ya samu a mafi yawan marasa lafiya, wancan ya samu a 'yan kaɗan.

Dalilan suna da yawa. Allurar da ta huda fata tana iya kwaso lafiyayyen tantanin launi ta shigar da shi cikin kwalbar. Tantanin dajin ba kullum suke zuba cikin jini ba. Sannan tun 1989 masu bincike a Faransa, Jamel Chelly da abokansa, sun nuna cewa ƙwayar gadon da ake cewa a rufe take tana iya ɗiga saƙo ɗan mitsitsi a kusan kowane tantani. Idan gwaji ya yi kaifi sosai, wannan ɗigon ma zai ji shi.

Haka aka yi da kaluluwa. A 1992 Donald Morton ya bayyana hanyar gano kaluluwa ta farko da ruwan jiki ke zuba cikinta daga wurin ciwon, a cire ta a duba. Wasu suka ce me zai hana a niƙa ta a nemi saƙon tairosines da MART-1, a kama abin da madubin likita bai gani ba? Abin da ya kawo cikas shi ne wasu lafiyayyun mutane suna da 'yan tarin tantanin tawadar Allah a ɓawon kaluluwarsu, ba su da illa ko kaɗan. A ƙarƙashin madubi ƙwararre yana ganin sun kwanta a cikin ɓawo, ƙanana, masu kama da juna, ya gane su. Da zarar an niƙa tsokar, wurin zamansu ya ɓace, sai saƙo kawai ya rage, kuma saƙon iri ɗaya ne da na daji. Wani babban gwaji a Amurka mai suna Sunbelt, da ya ƙunshi marasa lafiya sama da dubu, ya bayar da rahoto a 2006 cewa PCR a kan waɗannan kaluluwa bai ƙara wani haske ba game da makomar mara lafiya.

Na biyar: lokacin da alama ta zama abin hari

Wannan gaɓa ita ce mafi nauyi, domin a nan kuskure ya ci rai.

Idan tantanin daji yana ɗauke da alama, me zai hana a horar da sojojin garkuwar jiki, tantanin T, su kai mata hari? Likitoci sun daɗe da lura cewa wasu masu melanoma da garkuwarsu ta taso wa ciwon suna samun fararen tabo a fata irin na albaras, kuma sau da yawa waɗannan sun fi samun sauƙi. Garkuwar tana kashe dajin, tana haɗawa da lafiyayyun 'yan uwansa.

A 2009 ƙungiyar Rosenberg ta buga sakamakon wani gwaji inda aka sauya tantanin T na marasa lafiya don su farauci MART-1 ko gp100 da ƙarfi. Ciwon ya ja baya a jikin wasu. Amma da yawa sun samu ƙuraje a fata, kumburi a cikin ido, da raguwar ji, har sai da aka riƙa ɗiga musu magani a ido ana yi musu allura a kunne. Fata, ido da kunne, wato kusan wuraren da Waardenburg ya lissafa tun 1951.

Sai hankali ya koma kan wani rukunin alamomi da ake ganin ya fi aminci. A 1991 ƙungiyar Boon ta gano MAGE-1, ƙwayar gado ta farko da aka tabbatar tantanin T na gane furotin ɗinta a jikin dajin ɗan Adam. Ita da danginta a rufe suke a kusan dukkan jikin baligi, in ban da tantanin da ke zama maniyyi a maraina, da mabiyiya lokacin ciki. A cikin daji ne makullin da ya rufe su ke kwancewa. Tantanin maniyyin kuma ba sa baje furotin ɗinsu a fuska yadda tantanin T zai gani, don haka ba sa cikin haɗari. A takarda, babu abin hari da ya fi wannan tsabta.

A 2013 rahotanni biyu suka fito daga Amurka. A na farko, an ba mutum 9 tantanin T masu farautar MAGE-A3. Ciwon ya ja baya a jikin 5, amma 3 sun samu mummunar matsalar ƙwaƙwalwa, 2 daga cikinsu suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar wata 'yar uwarta, MAGE-A12, tana aiki a wasu 'yan tantani a cikin ƙwaƙwalwa, inda ba wanda ya san da ita. A na biyu, mutum 2 suka rasu cikin 'yan kwanaki sakamakon gazawar zuciya, domin tantanin T ɗin sun ɗauki wani gutsure na furotin taitin, wanda ke cikin tsokar zuciya, a matsayin MAGE-A3. Waɗannan bayin Allah sun shiga gwaji ne da fatan samun sauƙi da kuma amfanar na baya. Hakkinsu ne a kan masu bincike kada a sake cewa wata ƙwayar gado a rufe take a wani sashe sai an duba sashen tantani bayan tantani.

Irin wannan buƙata ce ta sa manyan ayyukan taswira suke da daraja: Human Protein Atlas da aka fara a Suwidin a 2003, da GTEx da aka ƙaddamar a Amurka a 2010, inda ake auna aikin ƙwayoyin gado a sassa daban-daban na jikin mamatan da iyalansu suka bayar da izini. Duk ɗalibin da ke zauren nan yana iya buɗe su a intanet kyauta, ya rubuta PMEL ko MLANA, ya ga inda suke aiki.

An kuma samu nasara. A Janairun 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tebentafusp, maganin da ke haɗa tantanin T da gp100, don melanomar ido da ta yaɗu, wadda ta fi zuwa hanta. A gwajinsa, kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka ba shi suna raye bayan shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 59 na rukunin da ba a ba shi ba. Mafi yawansu sun yi ƙuraje da ƙaiƙayi, amma wannan karon an san da zuwansu, an kuma shirya musu. Daga rukunin nan na alamomin maraina da daji, irin su MAGE, kuma aka samu PRAME, wadda aka gano a 1997, kuma tun daga 2018 ta shiga ɗakunan gwaji sosai, domin mafi yawan melanoma suna nuna ta, mafi yawan tawadar Allah ba sa nunawa. Ita ce ta fi kusa da raba mai laifi da ɗan uwansa, amma ita ma akwai melanomar da ba ta nuna ta, akwai kuma dajin wasu sassan da ke nuna ta.

Na shida: me ya shafe mu a nan?

Wani zai ce melanoma ai ciwon Turawa ne masu shan rana. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu ƙwarai. Amma baƙar fata ma tana yin ta, kuma a inda launi ya fi ƙaranci: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Wannan nau'i ba rana ke kawo shi ba. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley: an gano shi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Rahotannin asibitocin koyarwa a Najeriya sun daɗe suna nuna cewa ƙafa ce wurin da melanoma ta fi fitowa, kuma masu ita sukan zo a makare, bayan an daɗe ana ɗaukar baƙin tabon a matsayin sukar ƙaya ko kaushi, har ya zama gyambo, kaluluwa ta fito a matsematsi. Tsarin gadonsa ma daban ne. Canjin BRAF, wanda aka gano a 2002 kuma ake samu a kusan rabin melanomar fata, ya yi ƙaranci sosai a ta tafin ƙafa. Mafi yawan samfuran da aka gina manyan taswirorin nan da su daga jikin Turawa suka fito, kuma nau'in da ya fi damun mu shi ne aka fi ƙarancin nazari a kai. Wannan giɓi na jiran masu bincike daga jami'o'inmu.

'Yan uwanmu zabiya su ma suna cikin maganar. Suna da tantanin launi kamar kowa, melanin ne ba ya haɗuwa yadda ya kamata. Dajin fatar da ya fi addabar su wani nau'i ne daban da rana ke jawowa, amma idan melanoma ta fito musu tana iya zuwa ja ko fara, babu baƙi. Ido ba zai gane ta ba, amma SOX10 da Melan-A suna nan, su ne za su tona ta.

Sai abu biyu na cikin ɗakin gwaji. Rinin da aka saba amfani da shi launin ƙasa-ƙasa yake bayarwa, kuma melanin ma launinsa ke nan. A tsokar baƙar fata, ko ƙari mai cike da launi, mai duba madubi yana iya ganin ƙwayoyi masu launin ƙasa ya ce alama ta kama, alhali melanin ne da tantanin garkuwa suka haɗiye. Mafita ita ce a yi amfani da jan rini, ko a wanke launin kafin a rina, ko a zaɓi alama irin SOX10 da ke zama a tsakiyar tantani inda melanin ba ya shiga. Na biyu, tsokar da aka yanko tana buƙatar shiga fomalin mai kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka ta kusan sau goma, babbar tsoka kuma a tsaga ta don ruwan ya ratsa. Wadda ta kwana a roba cikin zafin bazara kafin ta isa ɗakin gwaji, saƙon RNA ɗinta ya lalace, furotin ɗinta ma ya raunana, rini zai iya cewa babu alhali akwai. Takardar da ke rakiyar samfurin kuma dole ta faɗi daga wane sashe aka yanko shi, da shekarun mara lafiya, da ko an taɓa cire masa wani tabo a baya. S100 a cikin kaluluwa, A103 a saman ƙoda, HMB-45 a cikin ƙoda, kowanne yana da fassara fiye da ɗaya, kuma layin nan da likitan tiyata ya cike ko ya bari fayau shi ne abin da likitan madubi zai fara dubawa kafin ya zaɓi rinin da zai ƙara.

Shugaban zama, malamai da sauran mahalarta, a nan mai jawabi zai dakata.  Duk mai tambaya, ko gyara, ko wani abu da ya gani a wurin aikinsa da yake son a tattauna, fili nasa ne, musamman ma'aikatan ɗakin gwaji da ɗalibai. Bismillah.